Fadama ɗaya, masu ita da yawa

Wanda duk ke bin hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga cikin garin Sakkwato ya san fadamar Kwalkwalawa, ko da ta tagar mota ne. In ka ratsa ta a watan Agusta, ruwa ne iyakar ganinka, shinkafa ta yi kore shar, masunta na tura kwalekwale ta inda wata uku baya jaki ke bi. Ka dawo da hunturu, ruwa ya koma cikin gulbi, wurin ya zama fangali-fangali na albasa da tattasai da tumatir, injin ban-ruwa na ta kuka tun asuba. Da bazara kuwa, sa'ad da tudu ya ƙone ƙurmus, nan kaɗai ɗanyen haki ya rage, sai shanu su gangaro. A tsakani akwai masu ɗibar yumɓu, da masu yankan ciyawa, da yaran da ke tsintar kifi a kududdufan da ruwa ya bari.

To wannan fadama ta wa ce? A ofishin filaye amsar guda ce: ta wanda sunansa ke kan takarda, in kuwa babu takarda, tana hannun gwamna a matsayin amana. Amma ka yi wa wani dattijo na bakin gulbi wannan tambaya, zai iya mayar maka da ita: a wane wata?

Wannan tambaya ta dattijo ita ce abin da masu nazarin rayuwar al'umma suka shafe shekaru suna ƙoƙarin fahimtar da gwamnatoci. Masu wannan fanni ba su yarda da zuwa ƙauye a cike fom a koma birni kafin la'asar ba. Sukan tare shekara ɗaya ko biyu, su koyi harshe, su ci tuwon gidan, su ga faɗuwar damina su ga ɗaukewarta. Fannin yana da tabo, domin a inuwar mulkin mallaka ya girma, kuma da yawa daga rahotanninsa na farko Razdan da Di'o ne suka fara amfana da su. A shekarun 1950 C. E. Hopen ya zauna da Fulanin ƙasar Gwandu, Derrick Stenning kuma ya bi Woɗaaɓen Barno. Sai dai zama da mutane yana da wani hali, yakan tilasta wa baƙo ganin abin da bai zo nema ba.

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana mulkin ofisoshi. A 1968 wani masanin halittu Ba'amurke, Garrett Hardin, ya wallafa maƙala a mujallar Science, ya kawo misali da makiyaya wadda kowa ke iya shiga. Ya ce kowane mai shanu zai yi ta ƙara saniya, tunda ribar tasa ce shi kaɗai, hasarar ciyawa kuwa kowa ne zai ɗauka, har makiyayar ta mutu kowa ya rasa. Mafita a ganinsa biyu ce: a yanka a mallaka wa ɗaiɗaikun mutane, ko hukuma ta riƙe. Shekara huɗu bayan haka aka shiga farin 1972 zuwa 1974, hotunan mushen shanu daga yankinmu suka zagaya duniya, maganar Hardin ta zauna daram a kunnen masu ba da bashi da tallafi. Aka ce ga hujja nan, makiyayi ne ya cinye ƙasarsa da bakinsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kwance wa wannan ra'ayi zani a kasuwa, abin mamaki, a Najeriya ya koyi aikinsa. Robert Netting ya zauna da Kofyar na ƙasar Filato a shekarun 1960, daga baya ya tafi wani ƙauye mai suna Törbel a duwatsun Siwizalan. Can ya tarar da makiyaya ta gari wadda aka shekara ɗaruruwa ana kiwo a cikinta ba ta mutu ba. Mutanen suna da rubutacciyar yarjejeniya tun 1483, kuma tun 1517 suka sa doka cewa ba wanda zai kai shanu makiyayar fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da kansa a lokacin sanyi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta tattara irin waɗannan misalai daga Japan, da Filifin, da Sifen inda manoman Valencia har yau ke zaman shari'ar ruwa kowace Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin. Ta fitar da sakamakon a 1990, kuma a 2009 ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki. Abin da ta gano shi ne Hardin ya haɗa abu biyu daban: dukiyar da ba ta da mai ita, da dukiyar gari. Ta gari takan ɗore in an san iyakarta da masu haƙƙi a cikinta, in masu amfani da ita su ne masu sa doka, in mai gadi daga cikinsu yake, in hukunci na farawa daga jan kunne kafin ya kai tara, in wurin sasanci yana kusa kuma ba ya cin kuɗi. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafarmu: hukumar da ke sama ta yarda cewa suna da ikon yin hakan.

Basakkwacen da ya ji wannan zai yi murmushi, domin kusan bayanin aikin Sarkin Ruwa ne aka yi masa da Turanci. A garuruwan gulbin Rima da na Sakkwato, akwai gurbi da tafki da ake hana su a cikinsu har sai ranar da aka sa. Kifi ya samu ya hayayyafa, ran buɗewa kuma kowa ya shigo da homarsa da gorarsa, mai ƙarfi da marar ƙarfi. Bikin Argungu, wanda ake danganta bunƙasarsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, babban misali ne kawai na abin da ƙananan garuruwa ke yi ba tare da kyamara ba. Matan Fada, inda ake sun bikin, na cika da kifi ranar biki ne saboda an tsare ta sauran shekara.

A tudu ma haka. Burtali hanya ce da manomi ya san ba a shuka a kanta. Mashaya ba a tare ta da shinge. Bayan kaka, in an kwashe amfani, akan saki gonaki, shanu su ci kara da harawar da ta rage, su bar taki, har manomi kan ba Bafillace damin gero don ya yi masa mashekari a gona. In an yi ɓarna, akwai Sarkin Noma, akwai Arɗo ko Ruga, akwai hakimi, in ta gagara a je gaban uban ƙasa. Gona ɗaya ke nan, ta manomi ce da damina, makiyayi na da haƙƙi a kanta da rani, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma mai yiwuwa ta wani ce dabam wanda ya gaje ta.

Ba al'ada ce tsurarta ba, tana da gindi a fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Hadisi ya ce Musulmi sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Kalmar hurumi da muke faɗa kullum daga nan take, wato filin da ke kewaye da rijiya ko gulbi ko gari wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya. A Muwaɗɗa akwai umarnin da Sayyidina Umar ya ba mai kula da makiyayar da ya keɓe: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa gun shugaba zai zo da 'ya'yansa. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu na musamman kan raya matacciyar ƙasa da hukuncin hurumi. Ina kawo wannan ne don masu zaton cewa kafin zuwan Bature daji ba shi da doka.

Bature ya zo da nasa labarin. A 1935 wani farfesan gandun daji daga Edinbara, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya arewacin Najeriya, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa, kuma sassaben manoma da kiwo ne ke jawo ta. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar wannan mamaya ba. Rahoton kwamitin ya kwanta a kabad, labarin Stebbing ya ci gaba da tafiya har yau. Dalili a fili yake: labarin da ke cewa talaka ne ke kashe daji yana ba hukuma hujjar karɓe dajin.

An ga irin wannan ƙarara a Kissidougou ta ƙasar Gini. Kusan ƙarni guda jami'ai na kallon kurmin da ke kewaye da kowane ƙauye suna cewa ragowar babban daji ne da mutane suka cinye, ana cin mutanen tara a kan sara da ƙuna. Wasu masu bincike biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka zauna da su, suka ji tarihin kafuwar garuruwan, suka gwada hotunan jirgin sama na 1952 da na tauraron ɗan'adam na bayan shekaru kusan arba'in. Sakamakon da suka fitar a 1996 ya juya maganar: a wurare da yawa mutanen ne suka raini kurmin a tsakiyar fili, kuma itatuwa ƙaruwa suka yi. An shekara da shekaru ana hukunta mai shuka da sunan shi ne mai sara.

Kada a ɗauka ina cewa ƙasarmu ba ta lalacewa. Wanda ya san Gada da Illela da Tangaza ya ga rairayi na binne gonaki, ya ga tafkuna sun ƙafe. Abin da binciken ke cewa shi ne a bincika kafin a ɗora laifi, domin in an kuskure wa ciwo suna, magani kan zama dafi. Dokar gandun daji ta mayar da wasu itatuwa na hukuma ko da a gonarka suka tsiro, malamin daji na iya kama ka in ka sare su ba izini. Mene ne amfanin rainon abin da zai jawo maka tara? Sai manomi ya riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami.

Sa'an nan takarda ta zo. Tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, amma a aikace En'e ce ke rabo da sasanci. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare wa sarakuna wannan iko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Dokar ta san mai riƙe da fili, amma ba ta da gurbin da za ta sa mai haƙƙin wata uku. A tsakiyar shekarun 1970 ne kuma aka soke jangali. Ba Bafillacen da ya yi kukan rashinsa, haraji ne da ake gudu ana ɓoye shanu saboda shi, amma yana da wani amfani na gefe: ya sa uban ƙasa na son makiyaya su zauna a ƙasarsa, yana kuma tsare musu burtali. Da aka soke shi, sai makiyayi ya zama mutumin da ba ya kawo wa hukuma komai, kuma sau da yawa ba ya nan ranar zaɓe. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta so ta ba shi wurin zama, an ware wurare fiye da 400 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka tabbatar da su a hukumance ba su kai rabi ba.

Inda wannan makanta ta takarda ta fi yin ɓarna a ƙasar Sakkwato shi ne Bakolori. An fara gina dam ɗin a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1974, da kuɗin man fetur da fargabar fari, aka gama a 1978, wani kamfanin Italiya ne ya yi aikin ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Zai tare ruwa kubik mita miliyan 450, a shayar da hekta dubbai. Tafkin ya haɗiye gonakin fadama na yankin Maradun, aka tayar da dubban mutane aka kai su tudu. A filin ban-ruwa kuma aka hana manoma shuka ana baje ƙasa da katafila, aka tumɓuke itatuwan amfani, iyakokin gonaki suka ɓace, diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

Wannan ɓangaren an san shi, ko da ba a cika son tuna shi ba. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da dam, waɗanda ba a taɓa gonarsu ba, ba a kuma sa sunansu a jerin masu diyya ba. Wani mai bincike, William Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka a farkon shekarun 1980. Ya tarar cewa rayuwarsu gaba ɗaya a kan ambaliyar shekara-shekara take: ita ke shayar da shinkafa, ita ke kawo laka mai taki, ita ke cika rijiyoyin lambu, a cikinta kifi ke ƙwai. Da dam ya rage ambaliyar, shinkafa ta ja baya aka koma gero da dawa, noman rani ya ragu, masunta da yawa suka bar gida. Injiniya na kallon ruwan da ya malala fadama a matsayin ruwan da ya ɓata, mai fadama kuwa shi yake jira duk shekara. Ba a sa wannan hasara a lissafin riba da faɗuwar aikin ba, domin babu wanda ya tambaya. Bincike makamancin wannan a dausayin Haɗeja da Nguru ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare don ban-ruwan Kano.

Dam ɗin Goronyo a kan Rima ya biyo baya a 1984. Tun daga nan, ranar da ruwa zai zo da yawan da zai zo ba sa hannun sama kaɗai, suna hannun mai riƙe da makullin ƙofa. Mutanen Sakkwato ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da ruwa ya shafe garuruwa ya cinye gadar hanyar jami'a. Sarkin Ruwa na nan da rawaninsa, amma gulbin da yake sarauta a kai wani ke buɗe shi yana rufewa.

A duniya, irin wannan bincike ya fi tafiya ƙarƙashin sunan kare haƙƙin "'yan asalin ƙasa", kuma a nan sai an taka a hankali. A Amurka, Kanada da Ostareliya maganar a fili take: ga waɗanda aka tarar, ga waɗanda suka zo da jirgin ruwa suka ƙwace. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙoƙinsu a 2007, wadda ta ce kada a yi aiki a ƙasarsu sai an sanar da su tun da wuri, sun fahimta, sun yarda ba tilas. Najeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Ana ƙiyasta yawan irin waɗannan al'ummomi da miliyan 476, kuma wani nazari na 2018 ya nuna suna riƙe ko kula da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa. Akwai kuma wani adadi da aka daɗe ana yayatawa a taruka, wai kashi 80 cikin ɗari na nau'o'in halittu a ƙasashensu suke, har sai da wasu masana suka bi sawunsa a 2024 suka tarar ba shi da tushe. Masu goyon baya ma sukan yi wa gaskiya ƙari.

A Afirka kuwa, wa ya riga wa? Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar ta kauce wa wannan rami a rahoton da ta amince da shi a 2003. Ta ce abin dubawa shi ne al'ummar da rayuwarta ta rataya a kan daji ko wurin kiwo, kuma tsarin mulki ya tura ta gefe, kamar mafarauta da makiyaya. A kan haka kotun Afirka da ke Arusha ta ba Ogiek gaskiya a 2017 kan korarsu daga dajin Mau na Kenya. A kan haka kuma Hindou Oumarou Ibrahim, Bambororiya daga Chadi, ke zaunar da makiyaya da manoma su zana taswirar mashaya da burtali tare, mata na nuna inda ake samun ruwa da magani.

Ka kawo kalmar gida Najeriya, sai ta juye. A nan "ɗan asali" shi ne mai takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ake neman aiki da gurbin karatu da ita, kishiyarsa kuma "baƙo". Makiyayin da a taron ƙasa da ƙasa na Janeba shi ne cikakken misalin ɗan asali, a sakatariyar ƙaramar hukuma shi ne baƙon, ko da kakansa a wannan dajin aka binne shi. A ƙasar da Gobirawa, Kabawa, Zamfarawa, Adarawa, Sulluɓawa, Zabarmawa da Buzaye suka cakuɗa tun kafin jihadi, duk wanda ya ɗauko tambayar wa ya riga zuwa ya ɗauko wuta. A ganina abin da ya kamata mu ara daga wannan bincike shi ne hanyar tambaya: wa ke amfani da wurin, a wane lokaci, da izinin wa, kuma wa zai rasa in an canza?

Akwai kuma jarabar mayar da jiya aljanna, wadda masu binciken kansu sun yi gargaɗi a kanta. Tsohon tsari ba adalci ne zalla ba. Fadama mai kyau sau da yawa tana hannun masu sarauta, bayi ne ke noma gandayen manya, mace na cin ɗorawa da kuka amma ba ta zama inda ake yanke magana. Burtali da yawa ba gwamna ne ya sayar da su ba, hakimai ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma ko da kowa ya yi gaskiya, mutane sun ninka, saura ta ƙare, gona ta kai bakin kwalta. Shirin Fadama na Bankin Duniya da aka fara a farkon shekarun 1990 ya kawo rijiyar burtsatse da ƙaramin inji, albasar Goronyo da Wurno ta fitar da gidaje da yawa daga talauci, wannan ba a musunsa. Amma kowane sabon lambu a bakin gulbi ƙofa ce da aka rufe wa saniya a watan da ta fi bukatar ruwa. Takin zamani kuma ya rage wa manomi bukatar mashekari, sai abin da ke haɗa su ya ragu, abin da ke raba su ya ƙaru.

Ba zan ce wannan ne ya haifi ta'addancin da ya addabi Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo ba. Akwai makamai, akwai satar shanu, akwai zaluncin 'yan sa-kai da na kotuna, akwai kuɗin fansa da ya zama sana'a, kuma makiyaya na cikin waɗanda suka fi hasara. Sai dai abin lura ne cewa dazuzzukan da 'yan bindiga suka mayar gida, irin su Gundumi, yawanci gandayen gwamnati ne, waɗanda aka cire daga hannun garuruwa aka ce hukuma za ta tsare, sa'an nan hukumar ta kasa biyan ko mai gadi. Makiyayar Hardin, wadda ba ta da mai ita, a nan aka ƙirƙire ta.

Daga Sabon Birni zuwa ƙasar Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce, ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, ruwan sama ma nasu bai kai namu ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, bayan dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa kowace bazara rassa ne na kututturen da ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar biyu ko uku masu ƙarfi aka datse saura, sai su zama itace cikin 'yan shekaru. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma. Abin da ya canza shi ne jami'an daji sun sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, zai sassaƙe reshe ya sayar ba a kama shi ba. Yau ana ƙiyasta fili hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo ya fi yawa a wurare da dama, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. Nijar ta kuma yi dokar karkara a 1993 wadda ta amince da haƙƙin makiyayi a yankin da ya saba zama, ta kafa kwamitocin ƙasa da suka haɗa sarakuna, jami'ai, manoma da makiyaya, kuma hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Su ma suna da rikicinsu, ba a ce an gama ba.

Mu a nan muna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ga kuma shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ACReSAL, na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa. Duk takardun irin waɗannan shirye-shirye suna maganar shigar da al'umma. A aikace abin da aka saba gani shi ne a kafa sabon kwamiti mai shugaba da sakatare da ma'aji, a yi taro a raba kuɗin mota, a dasa dogon-yaro a jere a ɗauki hoto. Ran da kuɗi ya ƙare kwamiti ya watse, akuya ta gama da dashen. Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo, in an gayyace su, don su yi addu'ar buɗe taro ne. Makiyayin da zai bi ta wurin a watan Maris kuwa yana can wajen Tawa ko Dakwaro lokacin da aka zo rubuta sunaye a watan Agusta, kuma fom ɗin layi ɗaya gare shi na mai gona.